Tayar sikuta mai cibiyar ƙarfe: shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Gyaran keke nake yi a unguwar Nima, a Accra, amma 'yan shekarun nan sikutar yara ta fara cin rabin teburina. Duk bayan Sallah, da kuɗin barka da Sallah ya taru a aljihun yara, sai ka ga ana shigowa da ita ɗaya bayan ɗaya: wannan taya ta tsage, wancan tana rawa, na uku kuma ya zo da hoto a waya yana cewa irin wannan yake so. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, daga yaran da kuma iyayensu, shi ya sa na tara su wuri guda. Sikutar da nake magana a kai ita ce wadda ake turawa da ƙafa ana tsalle da wulwule da ita. Babur mai inji da mai batir ba sa cikin wannan zance.

Yaya, mece ce ma cibiyar taya?

Ɗauki tayar ka duba. Abu uku ne a haɗe. Na waje, wanda yake taɓa ƙasa, wani irin danƙo ne mai tauri da ake kira foliyuritan, a kwali za ka ga an rubuta PU. Ni naman taya nake ce masa, don shi ƙasa take ci. A ciki akwai cibiya, wadda naman yake manne a jikinta, kamar rim a tayar mota. A tsakiyar cibiyar kuma akwai rami inda boris biyu suke zama, ɗaya ta kowane gefe, da wani ɗan guntun bututu a tsakaninsu da ake kira sifesa.

Cibiyar nan ita ce abin gardama. Ko dai ta filastik ce, ko ta ƙarfe. Kuma in an ce ƙarfe a nan, alminiyam ake nufi, galibi nau'in da ake rubuta wa 6061-T6, irin wanda ake ƙera firam ɗin kekuna da shi. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, shi ya sa aka zaɓe shi.

To a taƙaice, in sayi mai cibiyar ƙarfen ko kada in saya?

In tayoyinka biyu suna barin ƙasa, wato kana tsalle, kana dira daga matakala ko daga bakin kwata, saya. In kuwa sikutar ta zuwa makarantar allo ce da sayo koko da ƙosai a bakin layi, bar kuɗinka a aljihu.

Me ya sa ta filastik take fashewa? Ai mai shago ya ce min tana da ƙwari.

Tana da ƙwari ga aikin da aka yi ta dominsa, wato gungurawa. Dira wani abu ne daban. Yaro mai kilo 45 in ya diro daga matakala uku, nauyin da yake sauka a kan taya ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa, kuma cikin ƙiftawar ido yake sauka, a kan wani ɗan wuri da bai fi faɗin babban yatsa ba. Filastik yana lanƙwasawa ya dawo. Yau ya dawo, gobe ya dawo, amma kowace lanƙwasa tana barin ɗan rauni a gindin sifok, wato 'yan sandunan da suka haɗa tsakiyar cibiya da bakinta, har ranar da za a ji ƙas.

Akwai kuma lalacewar da ba ta da ƙara, kuma ita na fi gani. Ramin da boris yake zama a ciki yakan buɗe a hankali, boris ya fara wasa, taya ta riƙa kaɗa kai hagu da dama. Yaro ya zo ya ce a canza masa boris, a canza, bayan kwana biyu ya dawo da ƙorafi iri ɗaya, domin ciwon a cibiya yake. In ramin ya buɗe babu magani. Na ga masu naɗa leda ko salatif a jikin boris don ya cika ramin. Yana kai su la'asar.

Dira a karkace ta fi kowace illa. Mai koyon telwif, wato wulwula farantin sikutar, inda ake ɗora ƙafa, ya zagayo ƙarƙashin ƙafa yana sama, sau ɗari zai dira tayar baya tana gicciye kafin ya iya. Taya an yi ta ne ta ɗauki nauyi daga sama zuwa ƙasa, to ga shi ana bugunta ta haƙarƙari. A nan ne cibiyar alminiyam take nuna bambanci: ba ta lanƙwasawa, ramin boris ɗinta yana nan yadda aka fafe shi.

Ba sabon labari ba ne. Lokacin da sikutar Razor mai naɗewa ta cika duniya a shekarar 2000, tayoyinta masu cibiyar filastik ne, 'yan milimita 98. Matasan Amurka da Ostareliya da Turai da suka fara shiga da ita filayen siket, wato wuraren da aka daɓe don wasan gudu da tsalle a kan taya, sun yi ta fasa tayoyin, kuma wannan fashe-fashe ne ya sa kamfanoni suka koma alminiyam. Yau da wuya ka ga sikutar gasa mai cibiyar filastik.

Ke nan in na sayi ta ƙarfe na huta?

A'a, kuma nan ne nake so a tsaya a saurare ni da kyau, don nan ne mutane suke jin an cuce su. Cibiyar ƙarfe matsala ɗaya take magancewa: fashewa da buɗewar rami. Naman taya kuwa foliyuritan ne a kan duka biyun, kuma ƙasa ba ta tambayar me ke ciki kafin ta ci.

Waɗannan tayoyi an ƙera su ne da tunanin siminti mai santsi kamar faranti. Irin wannan daɓe a Accra ƙidayayye ne. Sai a watan Disamba na 2021 aka buɗe Freedom Skatepark a Shiashie, aikin ƙungiyar Surf Ghana, wanda marigayi Virgil Abloh, shahararren mai zanen tufafi, yana cikin waɗanda suka tallafa masa, kuma shi ne filin siket na farko irinsa a ƙasar. Yaron Mamobi ko Sabon Zango kuwa a ina yake wasa kullum? Kwalta mai tsakuwa a fili, bulon intalok mai gaɓa-gaɓa, barandar makaranta bayan an tashi, murfin kwata, wani lokaci jar ƙasa ma. Wannan ƙasa kamar magagari take ga naman taya. Tana kankare shi, tsakuwa mai kaifi kuma tana gutsure shi ɓalli-ɓalli.

Sai birki. Birkin sikutar wasa wani lanƙwasasshen ƙarfe ne a kan tayar baya, ka taka shi da diddige ya danne naman. In ka danne shi gaba ɗaya a kan gangara, tayar ta daina juyawa ta riƙa jan ƙasa, wuri ɗaya ya cinye ya zama shafaffe. Daga ranar za ka riƙa jin tak-tak-tak duk juyi. Gangara ɗaya ta isa ta yi wa sabuwar taya haka, ko da ta fi kowace tsada a duniya. Ga zafi kuma: dogon birki yana ɗumama naman har ya yi laushi.

Abu na ƙarshe, wanda ma ya fi damun masu tayar ƙarfe, shi ne saluɓewa. Naman yakan rabu da cibiya, ya fara ɗagowa ta gefe kamar tafin takalmi. A masana'anta zuba foliyuritan ake yi yana ruwa a kan cibiyar da aka shafa wa sinadarin manni, su kama juna. In wannan aiki bai yi kyau ba, ko aka yawaita dira a gicciye, sai su rabu.

In ta saluɓe, sufa gulu ba zai kama ta ba?

Ba zai kama ba. Zai yi kamar ya kama, sai ana tsakiyar gudu ya saki, yaro ya ci ƙasa da haɓa. Cire boris ɗin ka ajiye, cibiyar ka ba masu sayen alminiyam.

Ɗana ya dame ni da maganar nan, Malam. Shekararsa takwas. Dole ne?

Hajiya, ki lura da shi kwana biyu yana wasa. In gudu kawai yake yi yana ɗan ɗaga tayar gaba, ta filastik za ta kai shi shekara ko fiye, domin jikinsa bai yi nauyin da zai fasa ta ba. Kuɗin ki sa a hular kwano da abin kare gwiwa, sun fi masa amfani nesa ba kusa ba. In kin ga ya fara bin manya yana dira daga tudu, ko ya riga ya fasa taya ɗaya, to lokaci ya yi. Wanda ya fasa ɗaya zai fasa ta biyu, kuma kuɗin filastik uku ya kusa sayen ta ƙarfe.

Wani abu kuma da iyaye ba sa lura da shi: ki duba ko sikutar tasa mai naɗewa ce. In akwai maɓalli a wuyanta da ake ja a ninke ta, ba ta tsalle ba ce, kuma tayar ƙarfe ba za ta mayar da ita ta tsalle ba. Wannan gaɓar da take naɗewa ita ce za ta fara sakin jiki. Sa mata taya mai tsada kamar ɗaura wa jaki sirdin Hawan Sallah ne. Sikutar wasa wuyanta a walde yake da farantin, kanta kuma ba ya hawa ba ya sauka.

100, 110, 120: wace lamba zan ɗauka?

Wannan tsayin taya ne da milimita, daga baki zuwa baki. Ta 100 ita ce ke zuwa a kan yawancin sikutocin masu koyo. Ta 110 ita ce aka fi amfani da ita. Ta 120 ta fi gudu da riƙe gudun, kuma ta fi haye ƙananan ramuka da gaɓar bulo, wanda a titunanmu ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ta fi nauyi kaɗan. Ni 110 nake ba kusan kowa shawara, babban yaro mai dogon ƙafa kuma 120.

Amma kafin ka biya, auna. Fok ɗin gaba, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da yake riƙe da taya, da farantin baya kowanne yana da iyakar tayar da zai ɗauka. Sikutar da aka yi wa 100 sau da yawa ba ta karɓar 110: ko tayar ta gogi saman fok, ko ta manne da birki ta ƙi juyawa. Duba tazarar da ke tsakanin tayarka ta yanzu da saman fok. Ƙarin milimita 10 a tsayi yana nufin ƙarin milimita 5 ta kowane gefe, sai ka bar ɗan sarari a kai.

Faɗi ma haka. Wanda aka saba shi ne milimita 24. Akwai masu 28 da 30, suna da daɗin riƙe ƙasa a kwana, amma sai fok ɗin da aka yi musu. Akwai kuma wani tsari mai aksil, wato ƙarfen da yake ratsa tsakiyar taya, na milimita 12 maimakon 8 da aka saba. In ka ga an rubuta 12 STD a jikin talla, ba taka ba ce, sai in sikutarka ta wannan tsarin ce.

Ina ganin 88A a jikin taya. Me yake nufi?

Taurin naman ne. Lamba ta hau, tauri ya ƙaru. Yawancin tayoyin wasa suna tsakanin 85A da 88A. Mai tauri ta fi gudu a daɓe mai santsi kuma ta fi jimre ci, mai laushi ta fi kama ƙasa da shanye girgiza. Kamfanin Proto ma iri biyu yake yi da gangan, Grippers masu kamawa da Sliders masu zamewa. A kan kwaltarmu, da yake cibiyar ƙarfe ba ta lanƙwasawa, duk wata tsakuwa sai ka ji ta a idon sawu, don haka in ka sami 86A kada ka raina ta. In 88A ce kawai a gabanka, ɗauka, bambancin bai kai a fasa ciniki ba.

Mai sifok, mai cikakken ciki, mai rami a ciki: wacce ta fi?

Mai cikakken ciki, wadda alminiyam ɗin yake a shafe ba huda, ta fi ƙarfi ta fi nauyi. Mai sifok ba ta kai ta nauyi ba, kuma in sifok ɗin masu kauri ne ta ishi kowane yaro da na sani. Mai ramin ciki, irin AIR ta kamfanin Root Industries ko wadda kamfanin Envy yake yi, daga waje kamar cikakkiya take amma cikinta fanko ne, don a rage nauyi. Akwai kuma mai huda-huda kamar saƙar zuma.

Gaskiya wannan gardama ta 'yan gasa ce, masu lissafin giram. Wanda har yanzu yake fama da telwif ɗinsa na farko ba zai ji bambancin giram 20 ba. Abin da na lura da shi a nan shi ne mai huda da yawa tana tara jar ƙasa da yashi a kusa da boris, sai an riƙa bi da tsohon buroshi. Launi kuwa, ja ne ko ruwan zinare ko mai walƙiya kamar bakan gizo, kwalliya ce kawai, sati biyu a kan titi zai karce.

Yaya zan gane ta gaske? An ce akwai filastik da ake fesa wa fenti.

Akwai, na riƙe su da hannuna. Mayen ƙarfe ba zai taimake ka ba, domin ba ya kama alminiyam kamar yadda ba ya kama filastik. Ƙwanƙwasa cibiyar da kwabo: alminiyam yana amsawa da ƙara siririya, filastik kuwa ɗif. Taɓa ta da bayan hannu a inuwa, ƙarfe ya fi sanyi. Leƙa cikin ramin boris inda fenti bai cika kaiwa ba.

In ta gwanjo ce, cikin kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, ƙara bincike uku. Tura naman da babban yatsa ta gefe, ka zagaye tayar duka, ka ga ko akwai inda yake ɗagowa. Gungura ta a kan tebur mai santsi ka saurari tak-tak. Sannan duba ko naman ya yi tsatstsage ƙanana ko ya bushe yana marmashewa, domin foliyuritan yana tsufa ko ba a hau shi ba, zafi da laima kuma suna gaggauta masa. Sau da yawa tayar gwanjo ta kamfanin kirki ta fi sabuwa marar suna, in ta tsallake waɗannan ukun.

Saye ta intanet daga waje kuwa cinikin biri a sama ne, sai ka yi lissafi da kyau. Kan kuɗin taya akwai kuɗin aikowa da na kwastan, farashin kuma da dala ko fam yake tafiya, ba da sidi ba. Karanta tallar sau biyu, domin wasu ɗaiɗai suke sayarwa alhali hoton biyu ya nuna, wasu kuma ba boris a ciki. Kamfanoni da dama suna canza tayar da ta saluɓe da wuri, amma mayar da ita daga Gana ya fi kuɗinta. Wanda yake da ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Jamus ko Amurka, taya biyu ba su wuce rabin kilo da yawa ba, suna shiga cikin takalmi a akwati.

Kuɗina na taya ɗaya ne kacal.

Sa ta a baya. Ita take shan birki, ita take shan yawancin dira. Amma tsayinta ya zo daidai da ta gaba.

In kana da biyu iri ɗaya, riƙa musanya su lokaci-lokaci, ta baya ta dawo gaba, don su cinye tare.

Wani abokina ya sa tayar takalmin siket, irin takalmin nan mai tayoyi, a tasa, kuma tana tafiya.

Za ta tafi. Tayoyin takalmin gudu masu 100 da 110 faɗinsu 24 ne, boris ɗinsu ma iri ɗaya ne, shi ya sa suke shiga. Sai dai cibiyarsu filastik ce, bakinsu kuma siriri, an yi su ne nauyin mutum ya rabu a kan taya shida ko takwas. A sikuta taya biyu ne suke ɗauke da komai. Don yawo ba laifi, don dira kuwa ka koma gidan jiya.

Tayata ta ƙarfe ce, sabuwa, amma ba ta gudu kuma tana kuka.

Tara cikin goma boris ne ko sifesa. Fara da sifesa: in babu ita a tsakanin boris biyun, da ka ɗaure aksil sai ya matse su, taya ta ƙi juyawa, in ka sassauta kuma ta yi rawa. Yara da yawa suna yar da ita wajen canza taya don ba su san aikinta ba.

Boris ɗin sikuta lambarsa 608: ramin ciki milimita 8, faɗin waje 22, kauri 7. Ba abu ne na musamman ba, injina ƙanana da yawa suna amfani da shi, don haka masu sayar da boris a kasuwar Abossey Okai sun san shi, ka faɗi lambar kawai. Nemi mai murfin roba, wanda ake rubuta wa 2RS, ya fi mai murfin ƙarfe ZZ hana ƙura shiga. Lambar ABEC da ake bugawa a kwali, 5 ko 7 ko 9, ma'aunin daidaiton ƙira ne, ba ta cewa komai game da jimre duka ko yashi, don haka kada a ƙara maka kuɗi saboda ita.

Alminiyam ba ya yin jan tsatsa, amma boris baƙin ƙarfe ne. Ruwan Mayu da Yuni, da iskar teku mai gishiri ga na kusa da Jamestown da Chorkor, da ƙurar hunturu daga Disamba, duk abokan gabarsa ne. Kada a bi ta cikin ruwan kwata, kada a wanke sikuta da bokiti, kada a bar ta ta kwana a tsakar gida. In ya fara kuka, cire shi, ɗaga murfin robar da allura, jiƙa shi a kananzir, bar shi ya bushe sarai, sannan ɗigo biyu na man keken ɗinki. Telan layinku zai sam maka.

Zan iya sa boris da kaina, ko sai na kawo?

Za ka iya, in ka ajiye guduma. Ramin cibiyar alminiyam a matse yake, ba ya buɗewa kamar na filastik, kuma in ka buga boris ya shiga a karkace ka ɓata ramin har abada, ka kuma lotsa ƙwallayen ciki. Nemi dogon ƙusa mai noti da wasa biyu, wato shafaffun zobban ƙarfe da ake sa wa noti, masu faɗin da zai rufe zoben waje na boris. Ɗora boris na farko a bakin rami daidai, zura ƙusan, riƙa ɗaure notin a hankali har ya zauna. Kwance, juya tayar, saka sifesa, sannan ka yi wa na biyu haka, ƙusan yana ratsa sifesar don kada ta kauce. Ɗan shafa mai a bakin ramin yana sauƙaƙa shiga.

Wajen mayar da taya, alanki biyu kake buƙata, wato lanƙwasasshen makullin noti mai baki shida, ɗaya ta kowane gefen aksil, yawanci mai lamba 5 ko 6. A baya akwai wasu ƙananan zobba tsakanin taya da faranti, lura da yadda suke kafin ka kwance, ko ka ɗauke su hoto. Ɗaure sosai, sannan ka juya tayar da hannu: ta juya shiru, in ka girgiza ta gefe kuma kada ta motsa. Bayan wasan kwana biyu ka sake bin notin, sabon ɗauri yakan saki.